Atahuwalpa, sarkin Inka da aka yi wa baftisma a gindin itacen kisa

  

Ya ku ƴan'uwa, a wannan fitowa za mu ƙetara da ku tekun Atlantika, mu karanta tarihin wani sarki da bai taɓa ganin littafi ba sai ranar da aka kama shi, mai bautar rana kamar yadda ya tarar da iyayensa suna yi. Sunansa Atahuwalpa, sarkin mutanen Inka. Wani zai ce, ina ruwan masallaci da labarin mai bautar rana? Amsa ita ce, waɗanda suka kama shi da sunan kira zuwa ga Allah suka zo, zinariya kuma suka kwasa suka tafi. Sau biyu aka miƙa masa addini: na farko mayaƙa suna laɓe a bayan ƙofofi, na biyu yana ɗaure an tara masa itacen wuta. Ƙasar da ta aiko su kuwa ita ce wadda ta ci Garnaɗa shekara 40 kafin wannan lokaci.

Nasabarsa da ƙasarsa

An haifi Atahuwalpa wajen shekara ta 1500, ɗa ne ga sarki Huwaina Kapak. Daular ubansa tana shimfiɗe bisa duwatsun Andes, a yammacin Amurka ta Kudu, tun daga kudancin Kolombiya ta yau har tsakiyar Shili, tsawon da ya kai kilomita 4000, wato kusan nisan da ke tsakanin Yamai da Makka. Babban birninta Kusko, a cikin ƙasar Peru ta yau. Malaman tarihi suna ƙiyasta jama'arta da kimanin miliyan 10. Ba su san baƙin ƙarfe ba, ba su san doki ba, ba su da rubutu. Ƙidayar jama'a da lissafin dukiyar sarki da igiyoyi masu ƙulle-ƙulle suke yi. Duk da haka sun sassaƙa hanyoyi cikin duwatsu, manzanni masu gudu suna miƙa wa juna saƙo zango-zango, rumbunan sarki kuma cike suke da masara da busasshen dankali da tufafi.

Abin da za a riƙe a nan shi ne, mutanen nan ba su da kuɗi. Harajinsu aiki ne, kowane gari ya ba da maza su yi noma ko gini ko yaƙi na wani lokaci. Zinariya ba a sayen komai da ita, ado ce ta sarki da ɗakunan bauta. Suna ɗaukarta gumin rana, azurfa kuma hawayen wata. Sarkinsu a wurinsu ɗan rana ne, ko babban hakimi ba ya shiga gabansa sai ya tuɓe takalmi ya ɗora ɗan kaya a baya. In sarki ya mutu sai a busar da gawarsa, a ajiye ta a fadarsa tare da barorinsa da gonakinsa, a riƙa fito da ita ranar biki kamar mai rai. Wannan aƙida ɓata ce bayyananniya, amma sai an san ta za a gane ƙarshen labarin.

Wajen shekara ta 1527 Huwaina Kapak ya mutu a arewacin daular, cikin wata annoba da yawancin malaman tarihi suke ganin agana ce, cutar da Turawa suka kawo nahiyar, ta riga su isa Peru. Ɗan da aka tanada ya gaje shi shi ma ya bi shi. Sai ƴan'ubanci ya tashi. Huwaskar ya hau gado a Kusko, Atahuwalpa kuwa yana wajen Kito tare da rundunar ubansa da manyan jarumanta, Kiskis da Calkucimak da Ruminyawi. Aka yi yaƙin basasa mai tsanani, har a shekara ta 1532 rundunar arewa ta kama Huwaskar kusa da Kusko. Ba za mu wanke Atahuwalpa ba. Mutanensa sun karkashe mata da ƴaƴan ɗan'uwansa a kan idonsa, sun ƙone busasshiyar gawar kakansu Tupak Inka saboda gidansa ya goyi bayan Huwaskar, kuma ƙabilar Kanyari ta sha azaba a hannunsa. Zalunci irin wannan shi ya tanadar wa baƙi abokan taimako tun kafin su nema.

Baƙin da suka zo ta teku

Shugaban baƙin shi ne Firansisko Pizaro, mutumin garin Turuhiyo a Ispaniya, wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba, bai iya karatu ko rubutu ba har ya mutu. Ya shafe shekaru fiye da 20 yana neman arziki a sabuwar nahiya. A Panama ya haɗa jari da wani soja, Diyego de Almagro, da wani limamin kirista, Harnando de Luke, don neman ƙasar zinariya da suke jin labarinta a kudu. A shekara ta 1529 fadar Ispaniya ta ba shi takardar izinin cin ƙasar da sarautarta, da sharaɗin ya tafi da malaman addini, kuma a fitar wa sarki rabonsa daga abin da aka samu. Tun daga wannan takarda ribar kasuwanci da yaɗa addini suka shiga jirgi ɗaya.

Hujjarsu ta samo asali daga shekara ta 1493, lokacin da Paparoma Iskandar na 6 ya ba sarakunan Ispaniya ƙasashen da aka gano a yamma don su shigar da mutanensu Kiristanci. A shekara ta 1513 wani masanin shari'arsu ya tsara wata sanarwa da ake karanta wa mutanen ƙasa kafin a yaƙe su: su miƙa wuya ga coci da sarkin Ispaniya, in sun ƙi a yaƙe su, a bautar da mata da ƴaƴansu, laifin kuma yana wuyansu. Sau da yawa da harshen Ispaniya ake karanta ta, ga mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya. Mu da muka san tarihin Andalus ba za mu yi mamaki ba. Garnaɗa ta faɗi a farkon shekara ta 1492 bisa alkawarin za a bar musulmi da addininsu. Daga 1499 Kardinal Sisneros ya shiga yi musu baftisma ta dole yana ƙone littattafan Larabci, a 1502 kuma aka ce musulmin Kastila su zaɓa, ko baftisma ko barin ƙasa. Mutanen Pizaro a cikin wannan iska suka tashi. Har ma marubutansu, da suka ga ɗakunan gumakan Inka, masallatai suka riƙa kiransu, don ba su san wani abokin gaba ba sai musulmi.

Ranar Kahamarka

A ranar 15 ga Nuwamba 1532, wato cikin shekara ta 939 ta Hijira, Pizaro ya shiga garin Kahamarka, a kan duwatsu, da mutum 168: barade 62, dakaru 106. Atahuwalpa yana sansani a wata maɓuɓɓugar ruwan zafi kusa da garin, da runduna ta dubun-dubatar mayaƙa, yana shirin tafiya Kusko ya hau gado. Ya san da zuwansu tun suna bakin teku, ƴan leƙen asirinsa sun ƙirga su, sun ga dawakansu. Da ya so, da an tare su a kowace matsatsiyar hanya ta dutse. Bai yi ba, saboda ya rena su. An ruwaito cewa daga baya shi da kansa ya faɗa musu niyyarsa ita ce ya kama su, ya riƙe dawakan don kiwo, ya yanka wasu ga rana, sauran ya mai da su babanni a fadarsa.

Da yammacin ranar Harnando de Soto da Harnando Pizaro, ƙanen shugaban, suka je gaishe shi. Soto ya sukwano dokinsa har numfashin dabbar ya kaɗa tuntun sarauta da ke goshin sarki. Sarki ko ƙifta ido bai yi ba, kuma mayaƙan da suka ja da baya don tsoro ya sa aka kashe su. Ya yi alkawarin zuwa gari kashegari. Baƙin suka kwana ba barci, suna kallon wutar sansaninsa ta cika gangaren dutse.

Ran Asabar 16 ga wata, rana ta yi sanyi, ya shigo dandalin garin a kan karagar da hakimai 80 suke ɗauke da ita, tare da mutum dubu 5 zuwa 6, cikin kayan ado, ba shirin yaƙi ba. Bai ga kowa a dandalin ba, domin Pizaro ya ɓoye barade da dakaru a cikin dogayen zauruka da ke kewaye. Sai mutum ɗaya ya fito, limamin kirista Bisente de Balberde, da gicciye a hannu ɗaya, littafin addu'o'insu a ɗaya, ga wani saurayi tafinta wanda bai ƙware a harshen Ispaniya ba. Ya kira sarki ya bar bautar rana, ya karɓi addininsu, ya zama mai biyayya ga sarki Sharl na 5. Sarki ya nemi ganin littafin, ya jujjuya shi, ya jefar a ƙasa. Balberde ya juya da gudu yana kiran mutanensa.

Mu da muka yi karatun hadisi mun saba da tambayar wane ne mai ruwaya, kuma a nan waɗanda suka fara rubuta labarin su ne waɗanda suka yi kisan suka raba dukiyar. Akwai ruwayar ɗan ƙanen Atahuwalpa, Titu Kusi, wadda ya sa aka rubuta a shekara ta 1570. Shi ya ce sarki ya ba baƙin abin sha a ƙoƙon zinariya, alamar karɓar baƙo, suka zubar a ƙasa, shi ya sa ya rama da littafinsu. Ko wace ruwaya aka ɗauka, abu ɗaya bai canja ba: an ɗora igwa, an ɗaura wa dawaki ƙararrawa, an raba wa kowa wurin tsayuwarsa tun kafin mai wa'azi ya buɗe baki. Mutumin da bai taɓa ganin takarda ba, a ce cikin ɗan lokaci kaɗan, ta bakin tafinta mai rauni, ya gane Allah da annabci ya sauka daga mulkinsa? Hujja ba ta tsaya a kansa ba, kuma ba don ta tsaya aka yi wa'azin ba. An yi shi ne don a sami abin da za a rubuta wa sarkin Ispaniya.

Igwa ta tashi, barade suka fito suna kiran sunan Santiyago, waliyyin da kakanninsu suke kira in za su auka wa musulmin Andalus. Jama'a suka ruɗe suka danne juna, har katangar dandalin ta rushe saboda turereniya. Masu ɗauke da karaga ana sare hannuwansu suna tallafe ta da kafaɗa, in ɗaya ya faɗi wani ya shiga wurinsa. Cikin abin da bai wuce sa'a biyu ba aka kashe mutum 2000 bisa ƙidayar magatakardan Pizaro, wasu sun kai adadin 7000. Ko mutum ɗaya bai mutu ba cikin baƙin. Pizaro ne ya sami rauni a hannu, yana kare sarki daga takobin wani nasa, don ya san sarki mai rai ya fi gawa tsada.

Fansa

Atahuwalpa mai kaifin hankali ne. Kwana ɗaya ya ishe shi ya gane abin da baƙin nan suke bauta wa, da ya ga yadda suke wawason kwanonin zinariya a sansaninsa. Ya yi musu tayi: zai cika ɗaki mai tsawon kusan mita 7 da faɗin mita 5 da zinariya, har iyakar inda hannunsa ya kai a bango, ya ninka haka sau biyu da azurfa, su sake shi. Pizaro ya yarda, aka ja layi a bango, magatakarda ya rubuta alkawarin.

Wata takwas yana tsare yana mulki daga kurkuku, umurninsa yana zartuwa kamar da. Daga nan ne ya aika aka kashe Huwaskar, don tsoron kada baƙin su naɗa shi a madadinsa. Ayarin lama, wata dabba mai kama da ɗan raƙumi marar tozo, suka riƙa shigowa da tuluna da faranta da gumaka. Harnando Pizaro ya tafi ɗakin bautar Pacakamak a bakin teku, da takalman dawakansu suka cinye aka ƙera musu na azurfa. Mutum uku suka tafi Kusko suka ɓamɓare faranta 700 na zinariya daga bangon Korikanca, babban ɗakin bautar rana. Calkucimak, jarumin da ke da runduna guda a hannunsa, ya biyo Harnando Pizaro da ƙafarsa don ganin ubangidansa. Da isowarsa Soto ya sa aka gasa shi da wuta don ya faɗi inda sauran zinariya take.

Sa'an nan aka hura zuga-zugi. Maƙeran ƙasar aka tilasta su narkar da abin da su da iyayensu suka ƙera, aka mai da shi sanduna. An sami fiye da kilo 6000 na zinariya, da fiye da kilo 11,000 na azurfa. Aka fitar wa sarkin Ispaniya humusi. Kowane barde ya sami kimanin kilo 40 na zinariya da kilo 80 na azurfa, dakare rabin haka, Pizaro ya ɗauki rabon barde bakwai, ya haɗa da karagar sarki. Almagro kuwa ya iso a watan Afrilu 1533 da mutum wajen 150, aka ce ba su da rabo a fansa sai ɗan abin hasafi, tunda ba da su aka yi kamun ba. Daga ranar nan ran Atahuwalpa ya zame musu shinge: muddin yana raye, duk zinariyar da ta shigo ana iya cewa ta fansa ce, in ya mutu, ganimar Kusko ta kowa ce.

Mutuwarsa

Harnando Pizaro, wanda ya fi kowa shiri da shi, aka tura Ispaniya da rabon sarki. Sai jita-jita ta tashi cewa Ruminyawi yana tafe da runduna bisa umurnin ubangidansa. Aka aiki Soto ya dubo. Ba a jira komowarsa ba. A ranar Asabar 26 ga Yuli 1533, farkon Muharram na shekara ta 940, shugabannin suka yi wani zama na gaggawa suka yanke masa hukuncin ƙonewa da rai, da almuru aka fito da shi dandalin da aka kama shi, aka ɗaure a jikin itace.

Balberde ya sake zuwa da gicciyensa. Tun cikin watannin kurkuku yake yi masa wa'azi bai karɓa ba. Yanzu ya sanar da shi cewa in ya karɓi baftisma ba za a ƙone shi ba, za a shaƙe shi da igiya. Ku tuna abin da muka faɗa game da gawar sarakunansu. A wurin Atahuwalpa wuta ita ce halaka ta har abada, kuma shi ya fi kowa sani, tunda hukuncin da mutanensa suka yi wa gawar kakansa ke nan. Ya yarda. Aka zuba masa ruwa, aka raɗa masa suna Firansisko, sunan mai kashe shi. Ya bar wa Pizaro amanar ƴaƴansa ƙanana, aka murɗa igiya a wuyansa, waɗanda ke wurin suna karanta masa addu'a. Wannan alkawari na ƙarshe ma ba a cika shi duka ba: an kusanta wuta ta ci wani sashe na tufafinsa da jikinsa, wai don a cika hukunci.

Abin da ya gudana a nan ciniki ne tsakanin mutuwa biyu, kuma babu mai hankali da zai kira shi imani. Imani aikin zuciya ne, zuciyar mutumin nan kuwa tana wurin rana da gawar kakanninsa har ya cika. Ya karɓi sabon addini ne don ya tsare tsohon. Balberde malami ne, ya yi karatu a Salamanka, ba za a ce wannan ya ɓoyu gare shi ba. Bayan wata huɗu an yi wa Calkucimak irin wannan tayi a kan hanyar Kusko, ya ƙi, aka ƙone shi da rai yana kiran gunkinsa.

Kashegari aka yi wa Atahuwalpa jana'iza irin tasu a cikin coci, Pizaro yana sanye da alamar makoki. Matansa da ƴan'uwansa mata suka kutsa ciki suna kuka suna neman a binne su tare da shi, wasunsu suka rataye kansu. Da Soto ya komo ya ce bai ga ko mayaƙi ɗaya ba a duk inda ya zaga.

Adalci ya wajaba mu faɗi cewa cikin Nasara akwai waɗanda suka ƙi wannan aiki. Sarki Sharl ya rubuta cewa kisan bai yi masa daɗi ba, ko da yake bai mai da humusin ba. Babban malaminsu na Salamanka, Firansisko de Bitoriya, ya rubuta a 1534 cewa bai ga wani dalilin yaƙin Peru ba sai ƙwace. Bartolome de las Kasas ya tsaya har tsufansa a kan cewa dukiyar Inka ta sata ce, wajibi ne a mayar. Ba a mayar ba. A shekara ta 2015, a ƙasar Bolibiya, Paparoma Firansis ya nemi gafara kan laifukan da aka yi wa mutanen ƙasa lokacin cin nahiyar.

Baƙin sun shiga Kusko a 15 ga Nuwamba 1533, daga baya aka gina gidan ibadar ƙungiyar Balberde a kan harsashin Korikanca, shi kuma aka naɗa shi bishop na birnin. Pizaro ya haifi ƴaƴa da ƙanwar Atahuwalpa, ya kuma haifa da matar da aka tanadar wa Atahuwalpa. Sa'an nan abokan tarayya suka juya wa juna a kan mallakar Kusko. A 1538 Harnando Pizaro ya sa aka shaƙe Almagro da igiya, ya koma Ispaniya ya yi shekara wajen 20 a tsare. A 26 ga Yuni 1541 mutanen Almagro suka shiga gidan Firansisko Pizaro a Lima suka sare shi. A ƙarshen wannan shekara Balberde, yana gudun su, ya faɗa hannun mutanen tsibirin Puna suka kashe shi. Gidan sarautar Inka ya ci gaba da turjiya a cikin dazuzzuka har 1572, lokacin da aka sare kan Tupak Amaru a dandalin Kusko, shi ma bayan an yi masa baftisma.

Gawar Atahuwalpa ba ta daɗe a cocin Kahamarka ba. Da baƙin suka tashi, mutanensa suka tone ta da dare suka nufi arewa da ita, wajen Kito, suka ɓoye ta inda har yau ba a gano ba. A Kahamarka kuwa ɗaki ɗaya na ginin Inka ya rage a tsaye, ana nuna wa masu ziyara shi da sunan ɗakin fansa, da layi a jikin bangonsa.